Kada a Ɗaga

Ni ce na raka matar Yaya asibiti ranar da likita ta faɗi maganar, saboda haka ba zan iya cewa ban ji ba. Sauran 'yan gidanmu suna da wannan mafakar, ni ba ni da ita.

Likitar mace ce gajera mai furfura a goshi, irin waɗanda gajiya ta rage wa tsawon gaisuwa. Ta juyo mana da allon na'urar hoton ciki, ta sa bayan biro tana nuna wani abu da ni dai duhu-duhu kawai nake gani. Ta ce mabiyiya ta sauko ƙasa ta toshe bakin mahaifa, kuma ba a nan ta tsaya ba, ta yi saiwa ta shige cikin tabon aikin da aka yi wa matar Yaya har sau uku a haihuwar baya.

"Irin wannan ba ta fita da kanta," in ji ta. "In aka ja ta, ko naƙuda ta taso, jini ne zai ɓalle kamar an fasa bututun famfo. Don haka ba za mu jira naƙuda ba, rana za mu sa. Ranar ina nan, babban likitan tiyata yana nan, mai allurar barci yana nan, ga leda huɗu na jini a ajiye da sunanki. Mu yanka ta sama inda mabiyiyar ba ta kai ba, mu ɗauko abin da ke cikin, mu ɗaure jijiyoyi, mu cire mahaifar gaba ɗaya da mabiyiyar a ciki ba tare da mun taɓa ta ba. In an yi haka a tsanake, jinin da za ki zubar ba zai fi ƙarfinmu ba."

Na zaci matar Yaya za ta yi kukan mahaifarta. Ba ta yi ba. Tambaya ɗaya ta yi, kwana nawa za ta yi ba ta gida. Na san dalilin tambayar, na kawar da kai.

Likita ta miƙo mini wata takarda mai layi huɗu, na sunayen waɗanda za su ba da jini. Sannan ta cire tabarau ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Abu biyu nake roƙonku. Kada ta ɗaga komai mai nauyi, ko bokitin ruwa ne. Kada kuma ku ɗaga ranar. Talata, tara ga watan gobe, ta zo ta kwanta, Laraba da safe mu shiga. Kin ji ko, ƙanwar miji?"

Na ce na ji.

A gidanmu kuwa akwai Inna, mahaifiyarmu. Shekara biyu ke nan da ɓarin jikinta na dama ya shanye, kuma Inna mace ce mai jiki, ciwon bai rage ta da komai ba. Sau huɗu a rana sai an ɗaga ta: daga gado zuwa kujerarta mai fo a ƙasa, daga kujera zuwa gado, haka da safe haka da yamma. Mu uku ta haifa, Yaya da ni da Auta, duk muna cikin gidan. Amma tun ranar da aka dawo da ita daga asibiti hannu ɗaya ke ɗaga ta, na matar Yaya. Ba wanda ya zauna ya tsara haka. Ita ce dai ta fara, mu kuma muka yi ta yaba mata har abin ya zama nata. Inna ba ta kiranta da komai sai 'yar albarka.

Da na isar da saƙon likita, Yaya ya nuna shi maigida ne. Ya tara mu a falo ya ce daga yau matarsa ba shara, ba wanki, ba girki. Ni na karɓi girki, aka kai wanki waje, Auta ya ɗauki ɗebo ruwa, 'yan matan nan nata uku za su riƙa shara kafin su tafi makaranta. Muka manna takardar jini a ƙofar firji da maganaɗisu. Ranar mun kwanta muna jin kanmu mutanen kirki.

Washegari da safe ina ɗaura ɗankwali na ji muryar Inna daga ɗakinta. "'Yar albarka." Na ji jan takalmin matar Yaya ya wuce ƙofata.

Na sami Yaya yana shan shayi. "Yaya, likita fa cewa ta yi kada ta ɗaga komai."

"Komai ɗin ai kaya take nufi," in ji shi, bai ko ɗago ba. "Inna kaya ce? Uwar taki za ki sa a layin bokiti?"

In faɗi gaskiya, ban nemi amsar da zan ba shi da kyau ba.

Na leƙa ɗakin na ga yadda take yi, don a shekara biyun nan ban taɓa tsayawa na kalla ba. Takan ɗora mataccen hannun Inna a wuyanta, ta tokare gwiwa a bakin gado, ta karkatar da cikinta gefe don kada ya shiga tsakaninsu. Sai ta ce, "Bismillah Inna, ɗaya, biyu, uku," ta riƙe numfashi ta ɗago. In ta ajiye ta, sai ta jingina da ƙyaure ta tallafe ƙasan cikinta da hannu biyu har numfashin ya dawo. Inna tana ta sa mata albarka, ita tana amsawa da kai.

Sau ɗaya na gwada karɓarta. Tun ban gama cicciɓa ba Inna ta saki ƙara wai zan karya ta, wai hannuna kamar filaya. "Bar ni, bar ni, kira mini 'yar albarka." Na fita ina ɓata rai, amma can ƙasan raina daɗi na ji. Na samu abin faɗa. Daga ranar in an tambaye ni sai in ce Inna ce ba ta son hannuna, ga kuma makarantar da nake koyarwa, ƙarfe bakwai nake fita.

Auta kuwa ƙato ne, shekararsa ashirin da takwas. Yana da wani bututun ƙarfe da ya ɗaure wa curin siminti gefe da gefe, kullum da safe yana tsakar gida yana ɗaga shi yana ƙirgawa da ƙarfi don maƙwabta su ji. Na ce masa tunda ƙarfin ya yi masa yawa ya zo ya sauke shi a ɗakin Inna.

"Haba Anti, ni namiji in ga tsiraicin uwata?"

"A rufe ta da zane. Kai dai ka ɗaga ka fita."

"Ban iya ba. Kar in je in ji mata ciwo a ce ni ne."

Yaya gyaran firji yake yi. Na sha wucewa ta shagonsa in gan shi ya rungumi firji mai ƙofa biyu yana juya shi. Amma da zarar ya taka ƙofar gida sai ciwon baya ya tarye shi, ya dafe ƙugu yana tafiya kamar tsoho.

Sati na biyu matar Yaya ta ja ni bayan ɗaki ta nuna mini zanenta. Jini ne, bai kai tafin hannu ba.

"Kar ki faɗa wa Yayanki, hankalinsa zai tashi. Ya tsaya ai."

Ban faɗa wa Yaya ba, amma na ja ta muka koma asibiti. Likita ta duba cikin idonta da tafin hannunta, ta sa aka auna jininta, ta ce ya ragu maimakon ya ƙaru. Ta tambaye ta ko tana shan ƙwayoyin ƙarin jini, ta ce tana sha, sai dai suna tayar mata da zuciya. Ta tambaye ta ko tana aiki a gida.

"A'a likita, an ɗauke mini komai. Ko tsintsiya ba na taɓawa."

Ba ƙarya ta yi ba. Ina zaune a gefenta, ban ambaci ɗaga Inna ba.

Takardar jini tana nan a ƙofar firji, har gefenta ya fara naɗewa. Layi ɗaya ne ya cika, na ƙanen matar Yaya, wanda ya yi tafiyar rabin yini ya zo ya bayar ya koma a ranar. Auta ya ce leda guda tana mayar da mai motsa jiki baya da wata uku, a bari ranar ta matso. Yaya ya ce wani mai kemis ya taɓa ce masa yana da alamar hawan jini, ba a ɗiban irinsu. Ni kuma Asabar nake jira. Asabar uku suka wuce, kowacce da abin da ta zo da shi.

Matar Yaya dai kullum ƙara fari take yi. Tafiyarta ta koma ta bin bango. Da rana in yara sun tafi takan zauna a bakin gadonta da kwanon abinci a cinya har ya huce. Ba ta taɓa cewa ta gaji ba, mu kuma muka riƙe wannan a matsayin shaidar tana lafiya.

An shirya cewa 'yar Gwaggo, wata 'yar'uwarmu da ke wani gari, za ta zo ta zauna da Inna in matar Yaya ta kwanta asibiti. Saura kwana uku ta bugo waya ta ce yaranta na jarrabawa, ba za ta samu zuwa ba sai bayan ashirin ga wata.

Matar Yaya ta riga ta haɗa jaka, tana ajiye a bayan ƙofa. Yaya ya tsaya a bakin ɗakin yana kaɗa makullin mota, ni ina falo ina jin su.

"Sati biyu ne kawai. A lissafi ma ai haihuwar da sauran wata guda. Su likitoci haka suke, sai su tsoratar da mutum don ya zo da wuri."

"Baban yara," in ji ta, a hankali, "ni fa ina jin tsoro."

Tunda na san ta ban taɓa jin ta faɗi haka ba.

Yaya ya yi dariya, irin ta lallashi. "Ke da aka yi wa uku kika miƙe a kwana uku? Ai ke jaruma ce. Ki duba Inna mana. In kin tafi wa zai riƙe ta?"

Inna ta ji daga ɗakinta, ta fara kuka. "'Yar albarka, da wa za ki bar ni?" Ba na ganin laifin Inna kamar yadda nake ganin namu. Tsohuwa ce da rabin jiki, ta san hannu ɗaya da bai taɓa yar da ita ba, ta kuma san 'ya'yan da ta haifa.

Na shiga na ce, "Yaya, likita ta ce kada a ɗaga ranar."

"To ke za ki ɗauki hutu ki zauna da Inna?"

Lokacin jarrabawa ne a makarantarmu mu ma. Na ce zan gani. Maganar ta mutu a nan.

Yaya ya buga wa likita. Daga inda nake ina jiyo muryarta tana tashi a wayar, shi kuma yana ta cewa, "To likita, in sha Allah likita, za mu duba." Da ya ajiye ya ce ta fahimta.

Talata ta zo ta wuce, ba a je ba. Laraba da yamma na dawo na sami matar Yaya tana ninke kayan jariri da ta riga ta ninke.

"Da yanzu an gama," in ji ta. Sai ta fara gaya mini inda takardun makarantar yara suke, da cewa ƙaramar ba ta barci sai an bar mata ƙofa a buɗe, ta tsakiyar kuma in ta yi shiru to wani abu na damunta, a bi ta a hankali. Na ce ta daina irin wannan maganar. Ta ce to, ta daina.

Lahadi da safe, sha huɗu ga wata, kowa yana gida. Auta yana tsakar gida da ƙarfensa yana ƙirga. Yaya yana falo da shayi da waya. Ni ina duba takardun 'yan ajina. Ƙofar Inna a buɗe take, na ji lokacin da matar Yaya ta ce, "Bismillah Inna, ɗaya, biyu, uku." Na ji ƙarar kujera. Sai shiru. Sai Inna ta fara kiran sunayenmu duka uku a jere, da wata murya da ban san tana da ita ba.

Ta riga ta zaunar da Inna daidai a kan kujera, har ta gyara mata mataccen hannun a cinya, sannan ta zame ƙasa. Jini ya jiƙe zanenta ya bi siminti yana nufar ƙarƙashin gado. Idonta a buɗe, tana kallona kamar mai ba da haƙurin ɓata ɗaki.

Auta ne ya ɗauke ta. Shi kaɗai, cak, da ita da cikin, ya fita da ita a guje har mota. Na ce wa maƙwabciyarmu ta riƙe yara ta zauna da Inna. Jakar nan ta bayan ƙofa ma ba wanda ya tuna da ita.

Ran Lahadi ne. Wani matashin likita muka tarar, ya duba katinta ya karanta, fuskarsa ta canza. Aka buga wa likitarmu, tana gida, sai da ta yi minti arba'in a hanya. Babban likitan tiyata ya yi tafiya tun Juma'a. Jinin da ke ajiye da sunanta leda ɗaya ne, na ƙanenta, aka samo wata guda a ma'ajiya. Aka tura gadon aka rufe ƙofa.

Mu uku muka ruga ɗakin ɗiban jini, kowa ya naɗe hannun riga. Auta yana cewa a ɗebi biyu a jikinsa. Ma'aikacin ya auna Yaya ya ce jininsa lafiya lau, ba hawa ba sauka. Ya ɗebi namu duka, bai yi minti ashirin ba. Sannan ya ce sai an gwada, an tace, an ga wanda ya dace da nata, kuma wannan ba ya yiwuwa ƙasa da awa guda ko da uwarsa ce a kwance. Ya tambaya me ya hana mu zuwa tun da aka ba mu takarda. Muka sauke hannun riga muka koma benci muka zauna.

Wajen ƙarfe ɗaya likita ta fito. Ba ta tsaya ba, zama ta yi a bencin da muke, takalman robarta duk jini.

"Yarinyar tana raye, tana ɗakin jarirai. Uwar ba mu same ta ba."

Yaya ya dafe kai. Can ya ce, "Kwana ne ya ƙare, likita."

"Haka ne," in ji ta. Muryarta ba faɗa a ciki, gajiya ce kawai. "Amma ranar Laraba ɗakin nan a shirye yake. Mutum shida muka tsaya, da allurar tsayar da jini, da komai. Har ƙarfe sha ɗaya muna jira ko za ku zo. Yau da ta iso rabin jininta yana gida da cikin mota. Ni ɗinki na iya, ban iya mayar da abin da ya zube ba."

Sai ta juyo gare ni, ta gane ni. "Ƙanwar miji, me ta ɗaga?"

Na ce, "Uwarmu."

Ta tashi ta tafi wanke hannu.

Bayan la'asar aka kai ta. Ina tsaye a soro na ga an fito da makara, Yaya a gaba ta dama, Auta a hagu. Bayan Yaya a miƙe yake kamar sanda.

Gida ya cika da mata, kowacce da kalma ɗaya a baki: mai haƙuri ce, ba ta taɓa cewa a'a ba, irin surukar da ake nema. Har yau in na ji an yabi wata da haka sai in tashi in bar wurin. Mu ma haka muka yi ta faɗa mata shekara biyu. Ba wanda ya taɓa zaginta a gidanmu, ba wanda ya taɓa ɗaga mata hannu ko murya. In ana neman mugu a cikinmu ba za a samu ba, kowa yana da dalilinsa, kuma ba dalilin da ba a iya saurara. Ni nawa ma har da jarrabawar 'yan aji huɗu.

Dab da magariba maza suka dawo. Sai a lokacin maƙwabciyarmu ta ja ni gefe ta ce Inna fa tana kan kujerar nan tun safe. Sun wanke ɗakin, sun lulluɓe ta da zane, amma ta hana kowa taɓa ta, wai sai 'yar albarka ta dawo. Ko da aka gaya mata rasuwar, ba ta canza magana ba.

Muka shiga mu uku. Ƙafafunta sun kumbura, kanta ya langaɓe gefe. Na riƙe zanen na rufe ta da kyau. Yaya ya kama ta dama, Auta ya kama ta hagu. Ba wanda ya ƙirga. Akwai agogo a bangon ɗakin, idona yana kansa don ba na son kallon inda aka wanke. Tsinken daƙiƙa bai gama zagaye ɗaya ba Inna tana kwance a gadonta, an gyara mata matashi. Ba ta yi ƙara ba, ba ta ce an karya ta ba.

Auta ya miƙe yana kallon tafin hannunsa.

"Ashe ba wuya," in ji shi.

Na ninke zanen na fita. Jakar tana nan a bayan ƙofa, da kayan jariri a ciki, na ɗauke ta don da safe zan kai asibiti.